Marvel ko DC: Wanne Zai Riƙe Gidan Kallo Idan Ƙwallo Ta Tafi Hutu?

Ƙanena yana da gidan kallo a ƙauyenmu, can gefen hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari. Rumfar kwano ce mai benci goma sha biyu, da talabijin biyu, da janareta wanda sai an lallaɓa shi yake tashi. Wata tara na shekara ƙwallo ce ke ciyar da shi. Da zarar an rufe gasar Firimiya a ƙarshen watan Mayu, har zuwa tsakiyar Agusta, rumfar sai ta koma makwancin awaki, sai fa in shekarar gasar cin kofin duniya ce. Hutun kuma yana zuwa daidai da faɗuwar damina: samari suna gona tun sassafe, su dawo a gajiye, bayan Isha'i babu abin yi sai hira wurin mai shayi.

Shi ne ya kira ni ya ce, "Yaya, yaran nan sun dame ni da fina-finan masu tashi sama. Wasu sun ce Marvel, wasu sun ce DC. Filas ɗina ba zai ɗauki duka ba, data kuma ka san yadda take. Wanne zan ɗauko?" Marvel da DC ɗin nan kamfanoni biyu ne na Amurka masu labaran jarumai. Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, har masu shagon caji da turi suna fama da ita.

Musun da yara ke yi, wai tsakanin Superman da Hulk wa zai kayar da wani, ba shi da amfani ga mai gidan kallo. Abin da ya shafe shi shi ne yadda aka gina fina-finan. Marvel sarƙa ce, kowace ƙugiya tana riƙe da ta gabanta. DC kuwa duwatsu ne a warwatse, wani babba wani ƙarami, kowanne ka ɗauka ka ɗauki abu guda cikakke. Wannan bambanci ba daga sama ya faɗo ba, daga littattafan zanen da aka ciro labaran ya samo asali, da kuma talaucin da ya taɓa kama kamfani ɗaya.

DC ce yaya. Superman ya fara fitowa a 1938, zanen wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙinsa kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939, Wonder Woman a 1941. Kowannensu da garinsa na ƙirƙira: Superman a Metropolis, Batman a Gotham. Marvel kuwa, ko da yake Captain America ya fito tun 1941, ba ta yi tashe na gaske ba sai daga 1961, lokacin da Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka dinga fito da jarumai a jere: Fantastic Four a 1961, Spider-Man da Hulk da Thor a 1962, Iron Man da X-Men da Avengers a 1963. Mafi yawansu a birni ɗaya na gaske aka zaunar da su, wato New York, suna leƙa littattafan juna kamar maƙwabta masu aron turmi. Wanda ya sayi littafi ɗaya sai ya ga dole ya nemi na kusa da shi.

A 1996 Marvel ta karye. A shekarun nan na ƙunci ne haƙƙin fim na manyan jarumanta ya tafi hannun wasu: X-Men da Fantastic Four wurin Fox, Spider-Man wurin Sony. Da ta farfaɗo ta ce za ta riƙa yin fim da kanta, sai ta tarar saura na baya-baya suka rage mata. Ta ci bashin dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch a 2005, ta jinginar da haƙƙin wasu jaruman, ta fito da Iron Man a 2008. Tunda babu jarumi guda da zai iya ɗaukar kasuwa shi kaɗai, sai Kevin Feige, shugaban sashen fim na Marvel, da mutanensa suka koma dabarar littattafan: a ɗaure su da igiya ɗaya, kowane fim ya zama tallar na gaba. Dabarar ta ci. Disney ta sayi kamfanin a 2009 kan kusan dala biliyan 4, kuma fim na 22 a sarƙar, Avengers: Endgame na 2019, ya tara kusan dala biliyan 2.8. DC ba ta taɓa shiga wannan matsin ba, don tana ƙarƙashin Warner Bros. tun da daɗewa. Sai ta riƙa ba darakta jarumi ta ce ya yi yadda ya ga dama: Richard Donner da Superman a 1978, Tim Burton da Batman a 1989, Christopher Nolan da Batman sau uku daga 2005 zuwa 2012. Da ta ga Marvel na kwasar kuɗi ta yi ƙoƙarin haɗa tata sarƙar daga 2013, ta yi gaggawa, igiyar ta tsinke, har aka sake sabon lale a ƙarƙashin James Gunn da Peter Safran, waɗanda suka fara da sabon Superman a 2025.

To, me wannan ke nufi a rumfar kwano? Yana nufin Marvel kamar fim mai dogon zango ce. Wanda ya kalli uku a jere ya zama naka, zai dawo ko ana yayyafi. Amma wanda ya shigo a tsakiya, kamar baƙon da ya kwana a garin don cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zai zauna yana tambayar na kusa da shi, "Wancan mai koren jikin fa, ɗan uwan waye?" har a gaji da shi. DC ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma korar baƙo.

Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci ga mutanenmu, wanda masu sharhi na waje ba sa kawowa: mu fuska muke bi. Tarbiyyar fim ɗin Indiya ce, mun saba a ce fim ɗin wane ne, ba labarin wane ba. Robert Downey Jr. ya riƙe Iron Man daga 2008 zuwa 2019, Chris Evans ya riƙe Captain America daga 2011 zuwa 2019, fuska ɗaya, murya ɗaya. Batman kuwa daga 1989 zuwa 2022 mutum shida suka sa rigarsa a manyan fina-finai: Michael Keaton, Val Kilmer, George Clooney, Christian Bale, Ben Affleck, Robert Pattinson. Ka nuna na Bale yau, ka nuna na Affleck jibi, za a tambaye ka ko wancan ya mutu ne ƙanensa ya gaje shi. Marvel ma tana da wannan ciwon a Spider-Man, saboda zamansa a hannun Sony: mutum uku suka yi shi, kuma fim ɗin No Way Home na 2021 ya haɗa su ukun wuri ɗaya, abin da ba zai sosa ran kowa ba sai wanda ya san na 2002 da na 2012.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowane minti na janareta kuɗi ne. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci bai cika wuce awa biyu ba, kuma a kan wannan ma'auni aka yanka kuɗin shiga. Iron Man minti 126 ne, Black Panther 134, Civil War 147, Infinity War 149, Endgame 181. A ɓangaren DC, Batman Begins 140, The Dark Knight 152, Aquaman 143, The Batman na 2022 minti 176. Duka sun ɗara ƙwallo, amma tsaka-tsakin Marvel ya fi kusa da abin da tanki zai ɗauka. Akwai kuma dodon da yara za su roƙe ka ka kawo, Justice League na Zack Snyder na 2021, minti 242. Awa huɗu da minti biyu. Ka fara ƙarfe takwas da rabi, ka tashi sha biyu da rabi na dare, ga mutanen da za su ɗauki fartanya da asuba. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ga shi hoton kusan murabba'i ne, gefe da gefen allon baƙi ƙirin, sai ka sha rantsuwa cewa ba talabijin ce ta lalace ba.

Labarin wannan fim ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya nuna ƙarfin magoya baya. Snyder ya bar aikin a 2017 bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya ƙarasa, aka fito da fim mai awa biyu wanda bai gamsar da kowa ba. Magoya bayan Snyder suka shafe shekaru suna ihu a intanet, suna kafa allunan talla, suna tara kuɗi ga ƙungiyar hana mutane kashe kansu, wasu kuma suna zagin duk wanda ya saɓa musu, har kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 70 ya ƙarasa masa nasa. Wanda ya san yadda ɗan Barca da ɗan Madrid suke raba benci a gidan kallo ba zai yi mamaki ba. Kuma wannan rabuwar alheri ce ga mai rumfa, in ya iya rura ta ba tare da an kai ga dambe ba. Abin da ya sa ban ce wa ƙanena ya watsar da ɓangare ɗaya gaba ɗaya ba ke nan.

Haske ma abin dubawa ne. Fina-finan Snyder da The Batman an yi su ne don babban allon silima. Rabinsu dare ne, ruwan sama, baƙar riga a cikin duhu. A talabijin mai araha, wanda ke benci na baya motsi kawai zai gani da ƙarar naushi. Na Marvel da rana tsaka ake yawan faɗa, riguna ja da shuɗi da kore, ko yaron da ke leƙe ta ramin kwano ya san wa ya doki wa. A DC, Aquaman da Superman na 2025 ne suka fita daga wannan duhun.

Inda DC ta yi wa Marvel fintinkau shi ne wajen bos. A gidan kallo, fim ba ya wuce ƙarfin bos ɗinsa, kuma yawancin na Marvel ana mantawa da su kafin a kai gida, in ka cire Loki da Killmonger da Thanos. Joker na Heath Ledger a The Dark Knight wani abu ne daban. Ledger ya rasu a Janairun 2008, wata shida kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi kyautar Oscar bayan ransa. Akwai wurin da Joker ya ɗana bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni ɗaya cike da mutanen gari, ya ba kowane jirgi makunnin ɗayan, ya ce in babu wanda ya danna kafin tsakar dare duka zai tayar. Wannan wuri kaɗai ya isa a kwana uku ana gardama wurin mai shayi. Matsalar ita ce nauyin fim ɗin a baki yake. In ba ka sami fassarar Hausa mai kyau ba, mutane za su ga mahaukaci mai fenti a fuska yana surutu. Marvel ma tana asara in babu fassara, don barkwancinta duk a Turanci yake, amma ko an cire barkwancin ƙashin labarin na tsaye: ga wasu duwatsu shida masu ƙarfi, ga bos Thanos mai neman su, ga masu hana shi.

Wani abin sha'awa shi ne yadda masu fim suke gyara labarin littafi don ya shiga kan wanda bai taɓa karanta shi ba, kuma a nan Marvel ta fi gwaninta. A littafin The Infinity Gauntlet na Jim Starlin na 1991, Thanos ya hallaka rabin halitta ne don ya burge Mutuwa, wadda aka siffanta ta a matsayin mace da yake so. A fim aka jefar da wannan, aka ce shi a ganinsa baki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan. Manomin da ya ga gonar kakansa an raba ta gida goma sha ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tunani, ko da zai tsine wa mai shi. Haka Civil War: a littafin 2006 fashewa ce a garin Stamford na Amurka ta jawo dokar yi wa jarumai rajista, a fim ɗin 2016 aka mayar da abin Legas, ko da yake a Atlanta aka ɗauki hoton. Snyder kuwa a Batman v Superman na 2016 ya ɗebo The Dark Knight Returns na Frank Miller na 1986, ya ɗebo mutuwar Superman ta 1992, ya cusa su tukunya ɗaya. Masu karatun littafi sun gane kowane hoto, saura kuwa suka fito suna tambayar me ya haɗa faɗan tun farko.

Idan fim ɗaya za ka fara gwadawa da shi, Black Panther na 2018 ne. Kusa da farkonsa ana rubuta dajin Sambisa a allo, ga ayarin motoci da matan da aka sace, har wani ɗan bindiga ya ce "wallahi". Ka shirya, za a ce ka mayar da wurin baya. Gundarin labarin kuma rikicin sarauta ne tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, ɗaya ya tashi a fada, ɗaya an kashe ubansa an bar shi a ƙasar waje, ya dawo neman gadonsa ta hanyar kokawa a gaban masu zaɓen sarki. Babu ƙasar Hausa da ba a san irin wannan ba. Jarumin, Chadwick Boseman, ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 43, shi ya sa ba ya cikin kashi na biyu. Takwaransa a DC shi ne Aquaman, wanda ya fito shekara ɗaya da shi, shi ma rikicin gadon sarauta ne, tsakanin 'yan uwa ɗaya uba daban.

Yanzu abin da zai iya rufe maka rumfa, ba don rashin 'yan kallo ba, don maganar manya. A ƙauye kowa ya san ɗan wa ke shiga gidan kallo, kuma yaro ɗaya ya isa ya kai labari zauren liman. Dukkan ɓangarorin biyu suna da abin da ke taɓa aƙida. Thor daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai aka ciro shi, inda suke ɗaukarsa abin bauta mai tsawa, ko da yake a fina-finan an nuna mutanen wata duniya ne masu tsawon rai, ana haifarsu suna mutuwa. Black Panther yana da bautar gunki da ganawa da kakanni matattu. A DC, Wonder Woman 'yar Zeus ce a fim ɗin 2017, ga kuma shigarta. Man of Steel na 2013 cike yake da alamun da ke kwatanta Superman da yadda Kirista suke siffanta Annabi Isa, har shekara 33 aka ba shi, Batman v Superman kuma ba ya gajiya da kiransa da sunan da bai kamaci halitta ba. A wannan fage Batman da Iron Man da Captain America ne masu sauƙi: biyu attajirai ne masu ƙera makamai, ɗaya soja ne da aka yi wa allura. Akwai kuma waɗanda ban yarda su shiga rumfar da yara ke zama ba ko da fassara: Deadpool duka, don bakinsa ba linzami, Joker na 2019, wanda labarin taɓin hankali da kisa ne ba na jarumta ba, Thor: Love and Thunder, da Eternals, wanda Saudiyya da Kuwait da Qatar ma ba su bari an nuna shi ba. Kowane fim ka kalle shi kai kaɗai da rana, da rimot a hannu, ka san wuraren da za ka tsallake.

Ga abin da na ce masa. Ya ɗauki Marvel a matsayin jigo, saboda abin da yake nema a hutun nan shi ne masu dawowa, kuma sarƙa ce ke dawo da mutum. Amma kada ya bi duka 22, hutun ma sati goma sha ɗaya ne ko sha biyu. Dare ɗaya a mako, rana tsayayya: Black Panther don buɗe kasuwa, sannan a koma farko, Iron Man, Captain America na 2011, Thor na 2011, Avengers na 2012, The Winter Soldier, Guardians of the Galaxy na farko, Age of Ultron, Civil War, Thor: Ragnarok, Infinity War, a rufe da Endgame a makon da ƙwallo za ta dawo. Doctor Strange a bar shi, tsafi ya yi masa yawa, minti biyu na bayani kafin Infinity War ya wadatar. Daren Laraba kuma, da baƙin kasuwa ke kwana, a ba DC: na Nolan ukun in an sami fassararsu, Aquaman, da sabon Superman. Biyar ke nan, a juya su. Duk abin da Marvel ta yi bayan 2019 ban sa shi a lissafi ba, don sarƙar ta yi rassa, ta shiga shirye-shiryen Disney+, har wanda ke da intanet a gida yana kasa bi.

Da a ce rumfar tasa a bakin tasha take, inda kullum sababbin fuskoki ne, ko kuma manya ne suka fi yawa a bencinsa, da na juya shawarar: DC jigo, Marvel ƙari. Haka mai shagon turi, shi duka biyun ya kamata ya ajiye, sai dai ya sa wa na Marvel lamba a gaban suna, 1 zuwa 12, don kada ya tura wa mutum Endgame a matsayin na farko ya dawo yana neman kuɗinsa.

Abu biyu na ƙara ja masa kunne a kai kafin mu ajiye waya. Na farko, Infinity War da nasarar bos yake ƙarewa, rabin jarumai su zama toka, duniya ta jira shekara guda cur kafin ta ga ci gaba. Ya sanar tun kafin a fara cewa kashi biyu ne, in ba haka ba benci zai karye. Na biyu, kada ya kashe inji da zarar sunaye sun fara hawa allo, yadda ya saba yi in alƙalin wasa ya hura tashi. Tun Iron Man na 2008, inda Samuel L. Jackson ya ɓullo a ƙarshen sunaye yana maganar haɗa runduna, Marvel take ɓoye tallar fim na gaba a wurin. Ya tura sunayen da sauri, ya nuna guntun, sannan ya kashe. Ya ce, "Yaya, wato ma tallar mako mai zuwa sun yi mini kyauta?" Na ce ƙwarai, amma ban da Endgame, shi babu komai a bayansa sai ƙarar guduma, kana ganin sunaye ka tsere wa mai.